Wa Zai Koya wa Mai Sanda Tafiya a Ƙasar Daura?

Sanda na cikin kayan jinyar da ake miƙa wa mutum ba tare da an ce masa komai ba. Ƙwayar magani ana faɗa masa sau nawa zai sha a yini, kafin abinci ko bayansa. Tabarau sai an auna ido. Amma wanda ya karye a ƙafa, ko dattijon da gwiwa ta fara gaza masa, iyakarta a ce "a nemo masa sanda", a aiki yaro kasuwa ko gidan maƙwabcin da ya karye bara, a kawo, shi ke nan. A ƙasar da makiyayi ke girma da sanda a kafaɗa, liman ke hawa mumbari da ita, sarki ke karɓar ta girma ranar bikin naɗinsa, wa zai yarda cewa riƙe ta ma sai an koya?

Sai an koya ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ci. A Amurka, inda ake bin diddigin irin wannan, binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta fitar a 2009 ya nuna cewa tsofaffi fiye da 47,000 ake kaiwa sashen gaggawa duk shekara saboda sun faɗi da abin dogarawa a hannunsu, mafi yawa irin mai ƙafa huɗun nan da ake turawa gaba, saura kuma da sanda. Abin da aka ba mutum don kada ya faɗi, tare da shi ya faɗi.

Wannan ne ya sa wasu masana suka waiwayi wayar hannu. A Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada, wata tawaga ƙarƙashin likita Ranita Manocha ta haɗa manhaja mai suna ICanWALK, wadda ke nuna wa mutum ta bidiyo yadda zai daidaita tsawon sandarsa da yadda zai yi tafiya da ita. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe wani dandalin koyarwa kyauta a intanet a 2022, mai suna TAP, kuma sandunan tafiya na cikin darussansa. To, ko dabarar za ta ci a Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure? A ganina za ta ci, muddin aka gane wanda ya kamata ya riƙe wayar, aka kuma yarda cewa akwai abin da waya ba ta da hurumin faɗa.

Ilimin kansa ba shi da yawa. A fara da kwagiri, ko kowace sandar hannu ɗaya. Mutum ya miƙe tsaye da takalmin da ya saba yawo da shi, ya saki hannuwansa. Mariƙin sandar ya zo daidai wuyan hannu, wurin da ake ɗaura agogo. In ya riƙe, gwiwar hannunsa za ta ɗan lanƙwasa. Sandar da ta yi tsawo tana ɗage kafaɗa, ta rage ƙarfin dannawa. Wadda ta yi gajarta tana duƙar da mutum, baya ya ɗauki ciwo, nauyi ya rinjaya gaba. Sai babban kuskuren da kusan kowa ke yi, wato riƙe sanda a ɓangaren ƙafar da ke ciwo. Hankali na cewa inda rauni yake, can ake kai ɗauki. Jiki kuwa ba haka yake aiki ba. Dubi mai tafiya lafiya lau: in ya jefa ƙafar dama, hannun hagu ne a gaba. Saboda haka sanda tana zama a hannun da ke ɓangaren ƙafar lafiya, ta tafi gaba tare da ƙafar ciwo, su dira ƙasa lokaci guda. Ta haka nauyi ke rabuwa tsakaninsu, tsokar ƙugu ta samu sa'ida, mutum ya daina karkacewa. Ko an riƙe ta daidai ma, sandar hannu ɗaya ba ta ɗauke abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jiki. Wanda aka hana taka ƙafa gaba ɗaya, wannan ba kayansa ba ne.

Shi sai sandar hammata, wadda aka fi sani da sandar guragu, kuma a nan haɗarin ya fi ɓoyewa. Ɗan matashin da ke samanta yana yaudarar mutane, su zaci don hammata ta zauna a kai aka yi shi. Ƙa'ida ita ce a bar faɗin yatsu biyu zuwa uku tsakanin hammata da kan sandar, kan ya jingina da haƙarƙari, tafin hannu ya ɗauki nauyin. Ta cikin hammata jijiyoyin da ke motsa hannu da yatsu suke bi. In aka yi makonni ana rataye a kansu, sai yatsu su riƙa mutuwa, mutum yana jin kamar kiyashi na yawo a ciki, daga nan hannu ya saki daga wuyansa, a kasa ɗaga shi. A wurinmu, wanda hannunsa ya shanye haka rana tsaka, da wuya a tuhumi sanda. Za a ce iska ce, ko sammu, ko shanyewar ɓarin jiki ce ta biyo baya, a bazama neman magani, sandar kuwa tana nan a hammata. Alhali galibi in an gyara riƙon da wuri, hannun kan dawo.

Saura ƙanana ne. A matakala, in za a hau, ƙafar lafiya ce gaba. In za a sauka, sanda da ƙafar ciwo su fara. Wajen tashi daga kujera, a haɗa sandunan biyu a hannu ɗaya, a dafa kujerar da ɗayan. A riƙa duba robar da ke ƙasan sanda, don in ta cinye ƙarfe ya leƙo, santsi ya zo.

Duk wannan bai wuce darasin minti goma ba, kuma duk abin gani ne da ido. Gani ya kori ji. Nan ƙarfin waya yake. Majinyacin da aka sallama daga asibiti yana fama da zafin ciwo da lissafin kuɗin magani da na mota. Ko an yi masa bayani tiryan-tiryan, rabi ya zube kafin ya kai bakin titi. Bidiyo kuwa ba ya ƙosawa da maimaici, ana iya tsayar da shi a tsakiya, a sake kallo bayan mako biyu lokacin da kumburi ya saɓe, tafiya ta sake salo.

Ga kuma batun nisa. Garin Daura ya samu ci gaba ta fuskar asibitoci: akwai na Sojojin Sama da aka buɗe a 2019, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina na da tazarar kimanin kilomita 80, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa tun 1959, ya haura kilomita 100 ta hanyar Kazaure. Amma masarauta ba birni kaɗai ba ce. Mutumin wani ƙauye a Baure, ko na bakin iyaka wajen Kwangwalam, ba zai ɗauki shatar mota da karyayyar ƙafa don kawai a rage masa tsawon sanda da rami ɗaya ba. Likitocin fisiyo, waɗanda wannan aikinsu ne, ba su wadata ba ko a birane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe da dama irin namu, ƙwararrun wannan fanni ba su kai 10 ga kowane mutum miliyan ɗaya ba. Masu buƙata kuwa ba sa ƙarewa: haɗarin babur, faɗowa daga amalanke ko bishiya, mahayin da doki ya kayar a hawan Sallar Gani, masu ciwon suga da aka yanke wa ƙafa, masu shanyewar ɓarin jiki sanadin hawan jini, da matasa masu amosanin jini da ƙashin ƙugunsu ke lalacewa saboda jini ya daina isa gare shi.

Sai dai manhajar da aka haɗa a Kanada, rayuwar Kanada ta sani. Mutumin da ke cikin bidiyon yana tashi daga kujera mai hannu, ya bi daɓe mai laushi, ya hau matakala mai abin dafawa. Malam a Sandamu kuwa a kan tabarma ko buzu yake wuni, a nan yake cin abinci, a nan yake karɓar baƙi. Babbar tambayarsa ita ce yadda zai miƙe daga ƙasa da ƙafa ɗaya, abin da ya fi hawa bene wuya. Masana za su ce ya juya kan tafukansa da gwiwar lafiya, ya ja jiki zuwa wani abu mai ƙarfi da ba ya motsi, ya dafa ya tashi. Wanda kuwa aka hana taka ƙafa, gara a sama masa dakali ko gado ya bar zaman ƙasa har ya warke. Haka ban-ɗaki. Masai na tsuguno shi ne wurin da mai sanda ya fi shiga tasku, ga ɗamshi, ga ƙunci, ga kunyar da ke hana babba kiran ɗansa ya riƙe shi. Kujerar katako da aka huda tsakiyarta, aka ɗora bisa ramin, tana raba wannan gardama, kuma kowane kafinta a Daura zai iya yin ta in an nuna masa hotonta sau ɗaya.

Ƙasar ma daban ce. Daura na gefen Sahel, lunguna da hanyoyin gona rairayi ne, kan sanda siriri nutsewa yake yi, sai mutum ya ga ɗaya ta lume ɗaya ta tsaya. Da damina kuma taɓo. A gidajen zamani da sababbin masallatai an koma tayil, wanda in ruwan alwala ya taɓa shi, robar sanda ba ta da ta cewa. Ƙara da dokin ƙofar zaure, da kwatar da aka gitta wa katako, da silifa mai suɓucewa, da babbar riga da dogon hijabi da ke harɗe ƙasan sanda. Sai hawa bayan ɗan acaɓa da sanduna biyu a gicciye, wanda shi ne motar asibitin talaka. Ko salla: shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi ta a zaune, amma dattijai da yawa kan ƙi, su dage sai sun kai goshi ƙasa, a tashi daga sujada ne kuma ake samun matsala. Bidiyon da bai taɓo waɗannan ba ya koyar da rabin tafiya ne kawai. Wannan ɓangaren, ba wanda zai rubuto mana shi daga waje. Likitan fisiyo da ya girma a irin wannan gida shi zai zauna ya tsara shi.

Yanzu, wa ke riƙe da wayar? Waɗanda suka fi buƙatar darasin su ne suka fi nisa da babbar waya. Tsohuwa a cikin gida, in tana da waya, ƙarama ce ta kira da sauraron rediyo. Ido ya yi rauni, karatun boko babu, data tsada, caji sai an kai shago. A ce mata ta sauke manhaja, ta buɗe asusu, ta bi umarni da Turanci, an dai faɗa ne kawai. Amma a gidan nan akwai jika ko ɗan ƙane mai waya, kuma shi ne dama ke riƙe ta in za ta tashi. Jinya a ƙasar Hausa aikin gida ne gaba ɗaya. To shi ne ɗalibin. Shi zai kalli bidiyon, ya tsayar da Hajiya a jikin bango, ya duba ko mariƙin ya zo wuyan hannu, ya sa yatsu uku a ƙarƙashin hammata. Kuma wanda ke tsaye a gefe ya fi mai tafiyar ganin kuskure, tunda ba wanda ke ganin karkacewar bayansa.

A nan nake ganin tsarin TAP ya fi kusa da halinmu. Ma'aikacin lafiya na matakin farko aka nufa da shi, kuma matakai huɗu yake koyarwa: zaɓen abin da ya dace da mutum, daidaita masa shi, koya masa amfani da shi, da bibiyarsa daga baya. Bayan karatun waya, ana so ɗalibin ya gwada a aikace ƙarƙashin kulawar wanda ya iya. Daura na da Makarantar Fasahar Lafiya ta Sani Zangon Daura, wadda ke yaye ma'aikatan da ake turawa asibitocin karkara. In kowane ɗalibi ya fita ya iya auna sanda, da 'yan bidiyoyi na Hausa a wayarsa da zai tura wa iyalan majinyaci, an gama da fiye da rabin matsalar ba tare da an gina ɗaki ɗaya ba. Hanyar yaɗawar ma tana nan a shirye. Yadda finafinai da wa'azi ke yawo ta WhatsApp da Xender da katin memori daga shagon masu turi, haka bidiyon minti biyu zai kai ƙauyen da sabis ba ya kamawa. Ni dai ban damu ba ko an kira shi manhaja ko ba a kira ba.

Akwai iyakar da bai kamata a bar waya ta tsallaka ba. Ba ta san irin karayar da mutum ya yi ba, ba ta ga hoton ƙashinsa ba, don haka ba za ta iya faɗa masa ko ya taka ƙafar ko kada ya taka ba. Wani an hana shi takawa sam, wani an ce ya ɗan taɓa ƙasa da yatsu, wani rabin nauyi, wani duka; kowane da salon tafiyarsa, kuma wanda ya ɗauki salon wani yana iya gocar da ƙashin da ya fara haɗuwa. Haka zaɓen sandar. Mai shanyewar ɓarin jiki hannu ɗaya gare shi mai ƙarfi, sandar hammata biyu ba ta yi masa ba. Tsoho mai jiri ko ciwon zuciya, tafiya da sanduna biyu ana lilo da jiki tana cin ƙarfi fiye da tafiyar ƙafa nesa ba kusa ba, tana iya kayar da shi. Waɗannan hukunci ne na wanda ya duba mutum ido da ido. Inda waya za ta taimaka a nan shi ne ta zama idon likita daga nesa: a ɗauki majinyaci yana tafiya taku goma, a tura wa likitan fisiyo a Daura ko Katsina, ya dawo da saƙon murya, "a ɗaga mariƙin rami ɗaya, a mayar da sandar ɗayan hannun."

Wani abin da masu tsara irin wannan shiri kan kauce wa shi ne maɗori. Gaskiyar magana, karaya da yawa a ƙasar Daura ba ta zuwa asibiti. Gidan ɗori ake kai ta, don ya fi kusa, ya fi araha, kuma an gada ana zuwa. Likitocin ƙashi na da ƙorafi mai tushe a kan ɗaurin da ke matse ƙafa har jini ya tsaya ta ruɓe, kuma bai kamata a yi wasa da wannan ba. Amma tunda maɗori ne ke cewa "yau ka fara takawa", kuma daga hannunsa mutane ke fita da sanda, barinsa cikin duhu ba ya amfanar kowa. A koya masa awo, a haɗa masa da alamomin da in ya gani zai tura asibiti ba jinkiri: yatsun ƙafa sun yi sanyi ko sun yi baƙi, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ƙashi ya huda fata.

Ga kuma malaman da ba a tunawa da su. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, da yawansu sun yi shekara 20 ko 30 a kan sanda. Ba wanda ya fi su sanin yadda ake ratsa rairayi ko tsallake kwata. Al'adarmu ma ta ba su shugabanci, da sarkin guragu da fadawansa. Su ya kamata a gani a cikin bidiyon, a biya su ladan aikinsu. Su ma suna da abin ƙaruwa, don shekarun dogara nauyi a hannu kan cinye kafaɗa da wuyan hannu, kuma sandar da ake zura hannu a cikin zobenta ta tsaya ƙasan gwiwar hannu ta fi dacewa da mai amfani na dindindin.

Duk wannan an ɗauka cewa sandar tana nan. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce fiye da mutum biliyan 2.5 na buƙatar wani kayan tallafi, daga tabarau zuwa keken guragu, kusan biliyan ɗaya kuma ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin 100 ne kawai ke samu. Manhaja za ta ce "danna maɓallin ka rage tsawo", tana zaton sandar alminiyom ce mai ramuka. Da yawa a nan ta katako ce ko ta bututun ƙarfe da mai walda ya haɗa, tsawonta ɗaya har abada, an yi ta ne da awon wani. Ba laifi ba ne a yi sanda a gida. Laifin a yi ta da ka. Kafinta da mai walda na buƙatar nasu bidiyon: a auna mutum yana tsaye kafin a yanka, a yi ramuka da dama don mariƙi ya hau ya sauka, musamman ga yaro mai girma, a sa roba mai faɗi a ƙasa, ko da daga tsohuwar taya aka yanko ta. Ita kuma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya wuce. Mai karatu ya ƙirga matakalar ofisoshi da bankuna da masallatan unguwarsu da kansa.

In za a yi bidiyon na Hausa, akwai ƙa'idoji biyu da zan dage a kai. Na farko, ya fito da suna da fuskar likitan fisiyo mai rajista da hukumar da ke kula da sana'ar a Najeriya, don hanyar da ke yaɗa daidai ita ce ke yaɗa kuskure, kuma masu tallan magani a waya sun riga sun cika fili. Na biyu ƙarami ne amma shi ke ɓata aiki: wanda ke kallon mutum yana fuskantarsa, damansa hagunsa ne, kyamarar gaban waya kuma takan juya hoto. Sai a koya wa mutum riƙe sanda a hannun da ya dace, ya kwaikwaya a juye. Don haka a ɗauki mai nunin ta baya, a ɗaura masa jan ƙyalle a ƙafar da ake cewa tana ciwo, mai bayani kuma ya bar faɗin dama da hagu, ya riƙa cewa ƙafar ciwo da ƙafar lafiya.